Almakashin Matar Malamin Asibiti

Yaro na uku ke nan da zazzaɓin cizon sauro ya kashe a ƙauyen cikin wata guda, Allah ya jiƙan su. Mai gari ya aika wa 'yan sanda. Sai da Insifekta ya shiga kwale-kwale, ya taka da ƙafa, kafin ya iso.

Ya fara da uwar yaron.

"Baiwar Allah, kin ba shi magani?"

"Na ba shi, yallaɓai. Duk abin da malamin asibiti ya ba ni."

Ta kwance bakin zane ta miƙo fankon maganin. Gurbin ƙwaya biyu kacal, maimakon shida na kwana uku. Gefen da aka yanke kuwa kamar haƙoran zarto.

A kasuwar tsallaken kogi ya tarar da mai tallan magani, tire cike da irin maganin, ƙwaya hurhuɗu, yanka iri ɗaya.

"Daga birni nake saro su, wallahi."

"Bar rantsuwa. A birni haka suke yanka?"

Mutumin ya hau yin tari na ƙarya.

Da Insifekta ya koma ƙauyen ya tuhumi malamin asibiti, shi kuwa ko gezau. "Cikakke nake bayarwa. Ka san mutanenmu, da jiki ya yi sanyi sai su ajiye."

Insifekta ya ji ƙarar keken ɗinki a gidan malamin, bayan asibiti. Ya yi sallama.

"Uwargida, ara mini almakashi mai haƙora."

"Ai kullum yana wajen maigida, sai ka ce shi ne telan!"

A aljihun teburin malamin aka sami almakashin. Malamin ya zauna daɓas.

"Shekara uku ke nan. Biyu ga mara lafiya, huɗu kasuwa. Da, biyun ma kan saukar da zazzaɓin."

"Da! Ka yi ta tsokanar cuta da guntun magani har ta raina shi."

Sai kukan yarinya ya taso daga gidan. Malamin ya rufe fuska.

"'Yata ce. Ita shida cif na ba ta. Yau kwana biyar, jikin kamar garwashi."

Insifekta ya dubi ankwar hannunsa, ya mayar aljihu.

"Ɗauko ta. Sai mun kai ta babban asibiti zan sa maka."

Haka suka gangara bakin kogi, uban yana rungume da ita, iyaye mata suna biye da nasu yaran marasa lafiya a goye. Kwale-kwalen kuwa ɗaya ne.