Sifonsa Ko Kafili?

A unguwar Suwaidi ta birnin Riyad akwai wani yaro ɗan shekara goma sha bakwai. Dogo ne ƙwarai. Idan zai shiga kicin sai ya sunkuya. Abokansa sun daina kiran sunansa, sai dai su ce "Ya Ɗawil", wato dogo da Larabci.

A Riyad aka haife shi. Larabci a bakinsa kamar ruwan famfo. Hausarsa sai a hankali. Turancinsa kuwa, kada ma a tambaya.

"Kai Bahaushe ne a fasfo kawai," in ji Mamansa, duk ranar da ya manta sunan cokali.

Babansa direba ne. Shekara ashirin ke nan yana kai ma'aikata Birnin Masana'antu na Biyu a bas, yana dawo da su.

Ba abin da yaron yake so kamar ƙwallon kwando. Kullum bayan La'asar yana filin bayan makaranta. Filin siminti ne, duk ya tsattsage. Su goma sha biyu ne, kuma malaminsu na wasanni, Malam Mukhtari, shi ke horar da su.

Babban abokin yaron shi ne Hamissou. Iyayensa mutanen Maraɗi ne. Gajere ne, amma idan ya jefa ƙwallo daga nesa, sai ka ji raga ta yi ƙara.

Wata rana Malam Mukhtari ya tara su.

"Ku saurara," ya ce. "Ranar Asabar ta sama wakilin wata kwaleji daga ƙasar waje zai zo kallon wasanku. Zai zaɓi mutum biyu. Za su yi karatu kyauta, su yi wa kwalejin wasa, kuma a riƙa biyansu."

Yara suka kaure da ihu.

"Akwai wani albishir. Alhaji Maikuɗi, mai kantin kayan wasa a kasuwar Dira, ya kama mana babban zauren wasa mai sanyi. Zai kuma ba ku riguna. Ku je kantinsa ku karɓa. Da rigar ce za a shiga zauren."

Malam Mukhtari ya ɗauka taimako ne don Allah. Mutumin kirki ne, shi ya sa yake zaton kowa ma haka yake.

Washegari yaron da Hamissou suka tafi Dira. Maikuɗi ya tarbe su da dariya har kunne. Ya dubi yaron daga ƙasa har sama.

"Masha Allah! Wannan tsawo ai dukiya ne. Amma wannan takalmi fa?"

Yaron ya ji kunya. Takalminsa ya buɗe baki, kuma sau biyu ana manne shi da gam.

Maikuɗi ya sauko da wani akwati. A ciki akwai jan takalmi, sabo fil. Yaron ya sa. Ya zauna masa ɗas.

"Naka ne," in ji Maikuɗi. "Daga yau ni ne sifonsa ɗinka."

Yaron ya washe baki. Ya san wannan kalma daga talabijin. Manyan 'yan wasa ne kawai suke da sifonsa. Shi ke ba su takalma, shi ke sa hotonsu a allo.

Maikuɗi ya turo wata takarda. Da Turanci aka rubuta ta, da ƙananan baƙaƙe.

"Sa hannu a nan. Ba sai ka dami Babanka ba. Tsofaffi ba su gane harkar wasa."

Yaron bai karanta ko layi ɗaya ba. Ya sa hannu. Har ya ɗauki hoton takardar da wayarsa, don ya yi wa abokai burga.

Maikuɗi ya miƙa wa Hamissou tasa takardar.

"Ni ba ni sa hannu sai tsohona ya gani," in ji Hamissou.

Dariyar Maikuɗi ta ɗauke nan take.

"To, riguna sun ƙare," ya ce. "Dama kai gajere ne, ba za ka yi kyau a hoto ba."

Ga riguna nan jibge a bayansa! Yaron ya gan su da idonsa. Ya san Hamissou ya fi shi iya jifa. Amma ya dubi jan takalminsa, ya yi shiru. Wannan shirun ya fi sa hannun muni.

Hamissou ya yi gaba, ya kama hanyar gida. Yana da zuciya, ko Malam bai gaya wa ba.

Da yamma Baba yana shan shayi, sai ya hango takalmin a bakin ƙofa.

"Wa ya yi baƙo?"

"Nawa ne, Baba," in ji yaron, yana ɗaga kafaɗa. "Sifonsana ne ya ba ni."

Baba ya ajiye kofin a hankali.

"Wa ka ce?"

"Sifonsa, Baba. Ba za ka gane ba. Harkar wasa ce."

"Ni ne ba zan gane ba?"

Baba ya tashi ya shiga ɗaki. Ya dawo da tsohuwar takardar aikinsa, wadda ya sa wa hannu kafin a haifi yaron. Gefe ɗaya Turanci, gefe ɗaya Larabci. Ya ɗora yatsa a kan wata kalma.

"Karanta."

"Sifonsa," in ji yaron.

"To, dubi gefen Larabci. Ai nan ka fi ƙarfi."

Yaron ya duba. 

"Kafil," ya ce a hankali.

Duk yaron da ya tashi a Riyad ya san kafili. Shi ne wanda sunansa ke kan takardun zaman ma'aikaci, kuma sai da izininsa ma'aikacin zai canza aiki.

"Ni na yi sa'a, nawa mutumin kirki ne," in ji Baba. "Amma na ga abokaina da ba su yi sa'a ba. Na ga babban mutum yana kuka don yana son canza aiki an hana shi. Mu dole ce ta kawo mu. Kai wace dole ce ta kai ka?"

"Inna lillahi," in ji Mama. "A kan takalmi?"

Da safe suka kai wa Malam Mukhtari hoton takardar. Ya karanta, ya sake karantawa. Ransa ya ɓaci sosai.

"Ka san abin da ka sayar?" ya tambayi yaron. "Sunanka da hotonka, har shekara goma. Rabin duk abin da kwaleji za ta biya ka nasa ne. Kuma ba za ka canza makaranta ba sai da izininsa."

Yaron ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Mutum nawa suka sa hannu?"

"Mu huɗu, Malam. Sauran ba su je ba tukuna. Hamissou ya ƙi, sai aka hana shi riga."

"Kana wurin?"

"Ina wurin."

"Me ka ce?"

"Ban ce komai ba."

Malam Mukhtari ya dube shi.

"Ni ma na yi kuskure da ban bincika ba. Amma kai ka ga an zalunci abokinka, ka yi shiru. Ba za ka taɓa ƙwallo ba sai ka gyara ɓarnarka."

Kwana uku yaron yana kan benci. Ana wasa, shi yana kallo. Wani ya wuce ya ce masa, "Sannu, yaron Maikuɗi." Abin ya yi masa zafi, har ya yi hawaye a ɓoye.

A rana ta uku kunyar ta koma fushi. Ya je wurin Malam.

"Malam, don Allah ka rubuta mini abin da ke cikin takardar nan da Larabci."

Ya dawo gida ya wanke jan takalmin tas, ya mayar da shi cikin akwati. Ya sa tsohon nasa mai gam.

"Baba, ka raka ni Dira."

Da suka isa, Baba ya tsaya a waje.

"Kai ka sa hannu, kai za ka yi magana. Ina nan."

Kantin cike yake da masu saye. Yaron ya ajiye akwatin a kan tebur.

"Alhaji, ga takalminka. Ka ba ni takardata."

Maikuɗi ya yi dariya.

"Khalas, yaro. An gama. Ka riga ka sa hannu."

"Ka ba ni takardata."

"Ka san da wa kake magana? Ni na kama zauren nan. Idan na janye, a ina za ku yi wasa?"

"A filinmu. Ka riƙe zaurenka."

"Fita mini daga kanti!"

Yaron bai fita ba. Ya tsaya a tsakiyar kanti da duk tsawonsa. Ya zaro takardar da Malam ya rubuta masa. Ya fara karantawa da Larabci, da ƙarfi, kamar mai karanta labarai.

"Sunan ɗan wasa da hotonsa za su zama mallakin sifonsa har shekara goma..."

Masu saye suka juyo. Wata mata ta ajiye rigar da ta ɗauka. Wani dattijo Balarabe ya matso.

"Shekarunka nawa, ɗana?"

"Goma sha bakwai, Baba."

"Mahaifinka ya ga takardar?"

"Ban gani ba," in ji Baba daga bakin ƙofa. "An ce masa kada ya dame ni."

Dattijon ya juya ya dubi Maikuɗi.  Maikuɗi ya fara gumi, ga kuwa na'urar sanyi tana aiki. Ya jawo durowa da sauri, ya cillo takardar.

"Ɗauki ka tafi! Yalla!"

"Da na abokaina uku," in ji yaron.

"Ina ruwanka da nasu?"

Yaron ya ɗaga takardarsa ya ci gaba da karatu. "Rabin duk abin da ɗan wasa ya samu..."

Kafin ya kai ƙarshen layin, takardu uku sun faɗo a kan tebur.

A mota Baba ya yi ta dariya. "Ka gaya wa Mamanka, yau Larabcin ya yi rana."

Amma yaron bai yi dariya ba. Ya ce a sauke shi a gidan su Hamissou.

"Na ga rigunan," ya ce masa. "Na yi shiru saboda takalmi. Ka yafe mini."

Hamissou ya dubi ƙafarsa. "Ina jan?"

"Na mayar."

"Ya hi maka. Dama kamar barkono ka taka."

Suka tuntsire da dariya.

Ranar Asabar ba zaure, ba sababbin riguna. Yara suka share tsohon filinsu da sassafe. Duka goma sha biyu suka yi wasa, ba wanda aka bari a waje. Wakilin kwalejin ya zauna a kan benci yana rubutu.

Ana dab da tashi, ƙwallo ta zo hannun yaron. Mutum biyu suka tare shi. Da can, da ya gwada jefawa don a gan shi. Sai ya hango Hamissou a gefe, ba kowa kusa da shi. Ya cilla masa. Raga ta yi ƙara.

Bayan wasa wakilin ya kira mutum biyu. Malam Mukhtari yana fassara.

"Ya ce yana son gajeren mai jifa. Yana kuma son dogon da ya san lokacin ba da ƙwallo."

Wakilin ya miƙo takarda da biro. Yaron ya mayar da hannuwansa baya.

"Malam, ka tambaye shi. Me za su ba mu, me kuma za su karɓa daga gare mu? Idan na so barin kwalejin, wa zai hana ni? Kuma sunana na wa ne?"

Wakilin ya saurara, ya yi murmushi. Ya amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce su tafi da takardar gida, iyayensu su karanta, ba gaggawa.

"Ya ce sunanka naka ne," in ji Malam Mukhtari.

Sati guda suka yi a kan takardar. Malam ya fassara ta kalma bayan kalma, Baba yana tambaya, Mama tana tambaya. Sai da kowa ya gamsu. Sannan Baba ya sa hannu, ya miƙa wa yaron biro.

"Me ka koya?" ya tambaye shi.

"Kada in sa hannu a abin da ban gane ba, Baba. Kada in ɓoye muku komai. Kuma idan aka zalunci wani a gabana, in buɗe baki."

"Da Hausa ka faɗi duk wannan?" in ji Mama. "To, alhamdu lillahi."

Yaron ya rubuta sunansa a hankali, baƙi bayan baƙi.

Yara, kyautar da aka ce ku ɓoye wa iyayenku ba kyauta ba ce. Ku karanta, ku yi tambaya, kuma kada ku sayar da sunanku ko abokinku saboda takalmi, komai kyansa.