Abin da Injin Rokiah Ya Zuƙo

Ni, Farfesa Daud Embong, da na tsufa ina koyar da ilimin sinadarai a birnin Ipoh, ba mutum ne mai yaɗa almara ba. Abin da na gani kawai zan faɗa.

Aikinmu shi ne narkar da roba, injin zuƙar iska ya cusa ta cikin ƙananan bututai na tsatsar ƙarfe, waɗanda ido ba ya gani. Idan ta shiga wannan matsi sai halinta ya sauya: ta ƙeƙashe, wuta ba ta narkar da ita da sauƙi. Doka ɗaya muka gada a ɗakin gwajin, tun daga manya har ƙanana: ba a kunna injin da magariba, domin ba iska kaɗai ke yawo a lokacin ba.

Wata Alhamis da magariba na koma ɗakin gwajin ɗauko laimata. Tun daga matakala na ji gurnanin injin. Dakta Rokiah ce, tsohuwar ɗalibata.

"Rokiah, an fa kira salla."

"Haba Farfesa, gobe masu duba aiki za su zo. Aljanin ma ai ya san da haka."

Ban yi dariya ba. Warin roba ya ɓace. Warin taɓon tsohon kududdufi ya cika ɗakin.

Sai ƙwanƙwasa, daga cikin tandar da muke narkar da robar.

Aka sake, a hankali.

"Ƙarfe ne ke buɗewa," ta ce da raɗa.

Na zare wayar daga bango. Injin bai tsaya ba.

"Kada ki taɓa, 'yata!"

Ta riga ta ɗora tafinta a murfin tandar. Ya manne. Na ga numfashinta yana fita, ba ya komawa. Daga cikin gilashin murfin, wani tafi ya jingina da nata.

Na karanta Ayatul Kursiyyu, na fizge bakin bututun injin. Iska ta faɗa ciki da kuka irin na mutum. Muka zube ƙasa, na ja ta zuwa waje.

Ta rayu. Amma yatsun hannun nan suka sandare, allurar likita ta karye a kansu. Daga baya abin ya kai gwiwar hannu, sannan kafaɗa.

A watan jiya na je gaishe ta, na same ta tsaye a falo. Na ce ta zauna mana.

Mijinta ya sunkuyar da kai. "Ta daina iya zama, Farfesa."