Ruwa Ba Ta Da Laifi

"Kashe rediyon ga, Zaharaddeen!"

"Haba Altine tawa, maimaici na fa, bari ki ji inda na..."

"Na ce ka kashe shi!"

Ya miƙa hannu ya kashe. Muna zaune cikin tsohuwar motarsa a bakin tashar Yelwa, ya rako ni zan koma gida Wara. Kafin in sake buɗe baki wani ɗan kabu-kabu ya gifta, ya hango shi, ya kwarma ihu.

"Baba Kwale! Ruwa ba ta da laifi!"

Duk tashar ta ɗauki dariya. Shi kuwa gogan har ya ɗaga hannu yana washe baki, sai da muka haɗa ido hannun ya sauko a hankali.

Duk wanda ke kama rediyo daga Shanga zuwa Ngaski ya san Zaharaddeen. Tun yana makaranta yake shan bulala saboda kwaikwayon muryar malamai. Daga nan ya koma ba da dariya a gidajen biki, har gidan rediyo suka ɗauke shi suka ba shi shirin Bakin Gaɓa. Ba shi da jam'iyya. Ya kan ce 'yan siyasarmu duk uwarsu ɗaya, hula kawai suka bambanta. An yi masa tayin muƙami ya ƙi, an tare shi a hanya an fasa masa baki, washegari ya shiga rediyo da kumburarren leɓe yana kwaikwayon waɗanda suka doke shi. Wallahi wannan taurin kan ne ya sa na mutu a kansa.

Amma Baba Kwale, tsohon mai jirgin da ya ƙirƙiro a shirin, ba ƙirƙira ba ce. Babana ne, Malam Yaro.

A mummunar rana muka haɗu da Zaharaddeen. Jirgin kasuwa ya kife da yayana Magaji a ciki, muna bakin ruwa ana tsamo gawarwaki, shi kuma ya zo ɗaukar rahoto. Baba Bagunge ne, a kasuwa ya koyi Hausa, bai taɓa raba namiji da mace a magana ba. Da aka shimfiɗe Magaji a gabansa, mutane na ta tsine wa ruwa, sai ya girgiza kai, ya yi ɗan tarin nan nasa.

"Ruwa ba ta da laifi... ita aikinta ta yi. A tambayi masu alƙawarin rigar ruwa mai hana nutsewa."

Ranar babu wanda ya yi dariya. Zaharaddeen ma kuka ya yi, shi ya kama mana makara. Yanzu ga shi an sa mana rana, maganar kuma ta zama abin da yara ke rerawa a hanyar makaranta.

"Ban faɗi sunanai ba, Altine," ya ce. "Ko sau ɗaya."

"Har tarin da shika yi ka ɗauka! Wane suna kuma ya rage?"

"Ki saurare ni, hasken idona. Sau nawa na yi maganar jiragen ga da muryata ta gaskiya? Wa ya ji? Amma da Baba Kwale ya hito, ba ki ga rigunan ruwa sun iso Wara ba? Ba ki ga an hana lodin banza ba? Manyan ga ba su tsoron kukanmu, dariya ɗai suka tsoro."

"Su aka yi wa dariyar, ko ubana?"

Mutumin da ke cika awa guda yana zuba shi kaɗai, ya rasa kalma ɗaya. Na buɗe ƙofa na fita.

Da na isa gida na tarar da mahaifiyata Inna Ladidi tana juya kifi a kan banda, idanunta jawur, kuma na san ba hayaƙi ba ne.

"Inna, lahiya?"

"Tambayi angonki." Ko kallona ba ta yi ba. "Ranar kasuwa babanku ya tahi sayen zaren komar kamun kifi. Ya ce wa mai kaya zaren ta yi tsada. Shi ke nan! Runfa duka ta kwashe da dariya, wani na tari, wani na cewa shi maimaita musu ta ruwa. Dattijo da hurhura, ɗiyata... maganar da ya yi a kan gawar ɗanai."

"Mi ya ce musu?"

"Bai ce komi ba. Har yau bai ce ba."

Ashe tun ranar Baba ya ajiye Hausa. Ba rantsuwa ya yi ba, ba fushi ya nuna ba. In an gaishe shi sai ya ɗaga hannu. A gida Gunganci kawai, a waje kuwa bebe. Mutumin da in ya fara hira a bakin ruwa sai an tuna masa da sallah! Na shiga ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo, don ina son Zaharaddeen, kuma son bai ragu da komai ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ranar Juma'a bayan an sauko sai ga shi. Tun daga zaure ya tuɓe takalmi, ya zo ya durƙusa a gaban Baba da ke ɗinkin koma a gindin mangwaro. Ba ya jin Gunganci, Inna kuma ta ce ko kusa ba za ta yi masa tafinta ba. Dole ni na zauna a tsakaninsu, abin da budurwa ba ta yi.

"Baba, na yi kuskure," ya ce. "Daga yau na binne Baba Kwale. Ka yafe mini."

Baba ya ja zare, sannan ya yi magana da Gunganci.

"Ya ce, da gaske shirinka ya kawo rigunan?" na fassara.

"Da gaske na."

Baba ya gyaɗa kai, ya ci gaba.

"Ya ce to kada ka binne shi. Ya ce in dariyar da aka yi mishi za ta hana wani uba tsayuwar da ya yi a bakin ruwa, a yi ta yi."

Zaharaddeen ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma.

"Ya ce ya yafe maka duniya da lahira. Aure kuma ba shi hanawa..." Na ci gaba da fassara. "Roƙonai guda. In an zama surukai, kada a sa shi magana gabanka."

Baba bai tsaya ba. Ya shiga ba da labarin Magaji, yadda tun yana ƙarami yake bin sa kamun kifi, muryarsa na hawa tana sauka irin ta mutanenmu. Na juya zan fassara.

Zaharaddeen ya ɗago yana kallon bakin Baba. Kuka yake yi da gaske, ban yi masa ƙarya ba. Amma leɓensa na motsi. Inda Baba ya ja, ya ja. Inda Baba ya tsaya, ya tsaya. Yaren da bai san ko kalma ɗaya a cikinsa ba, bakinsa har ya fara ɗauka.

"Zaharaddeen," na ce a hankali. "Bakinka."

"Mi?"

"Bakinka na bin nashi."

Ya kai hannu ya dafe leɓensa kamar wanda ya taɓa wuta. Na ga tsoro a idonsa, na gane bai ma san yana yi ba.

"Wallahi Altine ban... ba da niyya..."

"Na sani." Hawaye suka ɓalle mini. "Da da niyya ta, sai in ce ka bari, ka bari. Wanga fa? Yarenai ɗai ya rage mishi, masoyina. In na shigo da kai gidan ga, da wane baki za shi yi magana?"

"Kada ki yi mini haka, don Allah! Ke ɗai gare ni..."

"Tashi ka tahi. Ka ci gaba da shirinka, mutane na buƙata tai. Gobe kawu zai maido muku kayanku."

Ya dubi Baba, kamar zai roƙe shi ya sa baki, sai ya tuna ba mai fassara masa amsar. Ya daɗe a durƙushe kafin ya miƙe. Har ya kai zaure yana waiwaye, ni kuwa na kafe idona a kan tabarma, don na san in na kalle shi zan bi shi.

Da ƙarar motarsa ta ɓace, Baba, wanda labarin Magaji ya ɗauke wa hankali, ya tambaye ni da Gunganci me na ce wa yaron ya tafi yana kuka. Na sunkuyar da kai. Ya dube ni, ya dube ni, sannan ya miƙo mini bakin komar ya ce in riƙe masa. Na riƙe, yana ɗinki, ina jiƙa masa zaren da hawaye.