Maƙalin Shanya a Kan Kamanja

Ranar da Alhaji Ma'aruf ya yanke magana, 'yarsa Nuriyya tana kicin tana soya albasa, amma kunnenta yana falo. Gidansu a hawa na uku yake a unguwar Aziziyya ta Makka, bangon kuma ba kauri, duk abin da aka faɗa wa baƙo sai mai girki ta ji.

Baƙon kuwa Suhaibu ne, ɗan marigayi Abdulwasi'u, aminin Alhaji tun zamansu na unguwar Nakkasa, ya zo neman aurenta. A Makka aka haife shi kamar yadda aka haifi Nuriyya, kakanninsu ne suka zo hajji daga Katsina suka zauna. Shekara uku yana son ta, ita ma tana son sa, son da har Hajiya Iyatu, mahaifiyarta, ta gaji da yi mata tsiya a kai.

"Wace sana'a kake yi?" in ji Alhaji, alhali ya sani.

"Ina kiɗa a okestira, Baba, babbar ƙungiyar makaɗa. A Jidda."

"Goge ke nan."

"Kamanja ce, Baba. Da takarda ake karanta kiɗan, mu kusan arba'in muke zama—"

"Ko ku ɗari ne, ni goge na sani. Amma bar wannan, ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne. Abin da na tambayi mijin Fatsuma, yayar Nuriyya, shi zan tambaye ka: takardar albashi mai hatimi. Akwai?"

Babu. A kicin, albasar ta ƙone.

Gaskiyar magana, Suhaibu ɗan cike gurbi ne. Sai wani makaɗi ya kwanta ciwo, ko wasan ya yi girma, sannan a tuna da lambarsa. Sau biyar ko shida a shekara. A biya shi na ranar wasa kawai, kwanakin gwaji da kuɗin motar Jidda kuwa daga aljihunsa. Sauran shekarar gyaran waya yake yi a shagon wani. Shekara goma sha ɗaya yana koyon kamanjar nan, kuma duk wanda ya ji shi sai ya ce yaron nan yana da hannu. To, hannu ba ya da hatimi.

"Na ba ka zuwa ƙarshen Muharram," in ji Alhaji. "Takarda, da sadaki, da ɗakin da za ka sa ta. In babu, halas, kowa ya kama gabansa. Ba ƙin ka nake ba, ɗan Abdulwasi'u. 'Yata ce ba za ta ci kiɗa ba."

Washegari da hantsi Suhaibu ya kira ta, muryarsa da ɗan ƙarfi.

"Nuri, an buɗe kujera ɗaya ta dindindin a okestirar. Jarrabawa makon farko na Muharram. Kin san yadda ake yi? Bayan labule kake zama. Ba su ganin fuskarka, ba su tambayar ɗan wane ne. Hannu kawai."

"To ai ka samu ke nan. Kana ta gwaji?"

"Da maƙalinki."

Ta yi dariya. Wani ɗan maƙalin katako ne na shanya da ta taɓa ba shi, lokacin da ya ce maƙwabta suna buga masa ƙofa in ya fara kiɗa. In ya maƙala shi a kan gadar tsirkiyoyin kamanjar, sai sautin ya koma kamar raɗa. A haka yake gwaji, awa biyar kullum, a garin da ba kowa ke son jin wannan sauti daga tagar maƙwabci ba.

"Takarda ta samu, in sha Allah," in ji ta. "Sadaki da ɗaki fa?"

Ita ce ta kawo shawarar, kuma har yau ba ta manta kalmomin da ta faɗa ba.

"Ka nemi izinin turin alhazai a keken guragu a hajjin bana. Mukhtaru ɗan ƙanwar Umma da shi ya yi aure. Wata ɗaya ne kawai."

"Nuri, hannuna..."

"Haba dai. Ƙato da kai? Wata ɗaya fa na ce."

Kai, so ma da wautarsa yake tafe. Duk ɗan Makka ya san lokacin hajji shi ne kakarsa, wanda bai tara a lokacin ba ya yi asarar shekara. Ita abin da ta sani ke nan, shi kuma ba ya iya ce mata a'a.

Haka Suhaibu ya shiga tura tsofaffin alhazai a keke: ɗawafi bakwai, Safa da Marwa bakwai, ya ajiye wannan ya ɗauki wancan. Kwanakin Mina ga hawa ga gangara, yana riƙe nauyin mutum da wuyan hannu don kada keke ya ƙwace. Ya samu kuɗi, ba laifi. Amma ranar da ya zo gaishe da Hajiya Iyatu bayan alhazai sun fara watsewa, Nuriyya ta ga da hannun dama kaɗai ya karɓi kofin shayi, hagun yana cikin aljihu.

"Nuna min," ta ce.

"Gajiya ce."

"Suhaibu, nuna min."

Wuyan hannun ya kumbura kamar an cusa ƙwai a ciki. Ya gwada motsa ƙaramin yatsa, yatsan ya yi kamar ba nasa ba. Ta koma kicin ta yi kuka ba sauti.

Ranar jarrabawa ta ɗauki azumi. Da la'asar wayar ta yi ƙara.

"An kaɗa min ƙararrawa," in ji shi. "Ban kai rabi ba. Wata murya daga bayan labule ta ce shukran, na gaba."

"Wata kujerar za ta buɗe."

"Shekara huɗu aka yi kafin wannan ta buɗe. Likita kuma ya ce jijiya ce, zan warke in yi komai, amma saurin nan ba lallai ya dawo ba." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Kin san abin haushin? Na ga takardar da ake rubibi a kai. Kwantiragin shekara ɗaya ne, albashin ko hayar gida a Jidda ba zai riƙe ba sai ka haɗa da koyarwa. Malamina shekara talatin yana kiɗa, yanzu tasi yake ja. Mu goma sha tara muka zo a kan wannan, Nuri."

"Ni na sa ka," ta ce, hawaye na zuba. "Ni ce na ce wata ɗaya."

"Ni na tura keken. Kada ki ƙara faɗa."

Ta tashi ta sami mahaifinta a falo, ta durƙusa, abin da ba ta taɓa yi ba a kan maganar namiji.

"Baba, ba shi da takarda, kuma ba zai samu ba. Hannunsa ya ba da don ya cika sharaɗinka, ni kuma na tura shi. Ba zan saɓa maka ba. In ka ce a'a, zan haƙura, amma ka san abin da kake cewa a'a a kai."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Hajiya Iyatu ta ce, "Alhaji, yaron nan fa maraya ne, kuma bai taɓa yi maka ƙarya ba."

"Ku kira min shi," in ji Alhaji.

Da ya zo, Alhaji ya kama hannun ya juya shi a hankali, ya saki.

"Wanda ya yi wannan don 'yata ba zai bar ta da yunwa ba. Ka zo shagona na darduma da dabino, ni zan rubuta maka takardar, ni zan buga hatimin. Amma shago ba ya son mai tafiya Jidda duk sanda aka kira. Ka zaɓa."

Nuriyya tana bayan ƙofa, tana so ya ce e, tana tsoron ya ce e.

"Na zaɓa, Baba," in ji Suhaibu.

A watan Rabi'ul Awwal aka ɗaura auren. Jama'a suka ce haƙuri ya yi rana, kuma gaskiya suka faɗa. Suhaibu bai taɓa yi mata gori ba, shagon ya karɓe shi, Alhaji har alfahari yake da shi. Sai dai ni mai ba da labari zan ƙara abu ɗaya ga iyaye da masoya: haƙuri yana kai mutum ga wanda yake so, amma kafin ka gindaya sharaɗi, ko ka ce wa mai son ka "wata ɗaya ne kawai", ka tambaya da me zai biya. Wani abin in ya tafi ba ya dawowa.

Sati biyu da tarewa, Nuriyya ta hau rufin gida da kwandon wanki. Suhaibu ya biyo ta, ya tsaya yana kallo, sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan maƙalin katakon nan. Gefensa ya yi santsi saboda shekarun riƙo.

"Ga shi," ya ce. "Ki haɗa da sauran."

Ta karɓa, ta kama farar rigarsa ta shago da shi a kan igiya. Ta daɗe ba ta juyo ba.