Ƙarfen da Halilu Ya Kafa a Gindin Aduwa

Rana na gangarawa bayan duwatsun Dogon Dutsi, Halilu ya zauna gaban sarba kamar yadda ya saba. Sarba ita ce babbar kwamfutar ajiya. Wannan tsohuwa ce, wani gidan rediyo ya yar da ita, shi kuma ya ɗauko ya tayar da ita, tunda gyaran irinsu ne sana'arsa. A cikinta ya zuba muryar matarsa Sahura wadda ta rasu bara, tatsuniyoyi goma sha ɗaya da waƙar daka guda, waɗanda ta ɗauka a waya don 'yarsu Marwa. Wayar ta daɗe da mutuwa. Kullum da yamma yakan kunna guda, uba da 'ya su yi shiru kamar tana tsakar gida.

Ran nan, ana tsakiyar tatsuniya sai muryar ta yanke. Na'urar ta yi kuka sau uku dogaye, sau ɗaya gajere. Kafin ya miƙe, tsakuwa ta sauka a kan kwanon ɗakin, uku da ƙarfi, ɗaya a hankali. Ya leƙa waje, babu kowa sai itacen aduwa da ke jikin katanga.

Halilu mutum ne da ko ciwon kai ya kama shi sai ya nemi lambarsa. Ya buɗe kundin da na'urar ke rubuta duk abin da ya same ta, ya ga lambar kuskure tana nuna matsalar wuta. Ya canza akwatin wutar. Washegari lambar ta dawo. Ya canza fanka, ya goge ƙura, ya gwada diski biyun da ke riƙe da ajiyar, duka lafiyarsu lau. Sai a kwana na tara ya jera lokutan kuskuren a takarda. Kowace rana kuskuren na matsawa kaɗan, daidai da yadda faɗuwar rana ke matsawa. Kuma kundin ya nace cewa wutar ba daga waya take shigowa ba, daga ƙasa take hawowa, ta ƙarfen da Halilu ya kafa don tsare na'urar daga tsawa. A gindin aduwa ya kafa shi, saboda nan ne kawai ƙasar gidan ke riƙe danshi. Bai tsaya ya tambayi kansa abin da ya jiƙa wurin shekara da shekaru ba.

A yammacin nan Marwa, yarinya mai shekara takwas, ta ajiye kwanon tuwonta, ta je ta rungume aduwar. Ta daina ci, ta daina magana. Kwana huɗu ana kai ta asibiti, ba a ga komai ba. Halilu da ke yi wa masu zuwa wurin malaman iskoki dariya, shi ne ya hau babur da kansa har Matankari ya ɗauko Malam Gado, tsoho mai karatu, wanda ba ya ɗaga murya.

Da magariba ta kawo jiki Malam ya zauna gaban yarinyar yana karatu. Can ta ɗago kai, muryar da ta fito ta tsohuwa ce.

"Ke wace ta?" in ji Malam.

"Doguwa ta, aljanar gidan su Sahura. Tare munka zo gidan ga ranar da anka kawo ta. Kullum maraice tana zuba min hura gindin iccen ga, tana min hira. Da tar rasu, wanga mutum yac ce shirka ta, yah hana. Ban ce komi ba. Sai yas soka min ƙarhe cikin ɗaki."

"Shina cire shi yau. Saki yarinya."

"Kar shi cire!" Kuka ya ƙwace mata. "Ta ƙarhen nij ji muryatta. Na ɗauka ta dawo. Nib biyo, nit tarar da akwati."

Halilu ya sunkuyar da kai, domin shi ma abin da ke kai shi gaban akwatin ke nan kowace yamma.

"Mi kika so?"

"Muryar. Ku ba ni in tai da ita, ko in tai da ɗiyar, don ita ma da muryar uwatta take dariya."

Halilu bai yi gardama ba, ya ce ya yarda. Sai idon yarinyar ya juyo kansa.

"Har da wadda ke aljihunka."

Ashe ya kwafe komai a ɗan makullin ajiya, irin wanda ake sokawa a jikin kwamfuta, tun ranar da lambar ta fara fitowa. Ya daɗe hannunsa na cikin aljihu. Ya dubi wuyan Marwa da ya rame kamar kara, sannan ya durƙusa, ya tona rami da yatsunsa kusa da ƙarfen, ya binne makullin. Na'urar ta yi kuka guda a ɗaki. Marwa ta yi atishawa, ta faɗi a cinyar Malam, ta ce ƙishirwa take ji.

Washegari Halilu ya buɗe kundin, babu kuskure ko ɗaya. Sunayen tatsuniyoyin na nan, tsawon kowace na nan, amma in an kunna shiru ne daga farko har ƙarshe. Bai taɓa ganin na'ura mai lafiya haka ba, kuma bai taɓa tsanar wata kamarta ba.

Da yamma Marwa ta zo ta zauna a wurinta.

"Baba, kunna min Inna."

Ya kashe na'urar, ya ɗora Marwa a cinyarsa, ya fara waƙar dakan da muryarsa mai kaushi. A baiti na biyu ya tsaya, ya rasa abin da ke gaba.

"Ba haka take hwaɗi ba," in ji Marwa.

"To ya take hwaɗi?"

Ta buɗe baki, ta daɗe tana nema, sannan ta dube shi ido cike da hawaye.

"Ni ma na mance, Baba."