Mai Masauki a Ankara

"Kai ne ka je wurin Baba, ko ba kai ba ne?!"

Ko sallama Zuweira ba ta yi ba. Tun daga Salaga ta riƙo tambayar nan a bakinta har Yendi, ga ta tsaye ƙofar rumfar albasar Mutala, saurayin da aka riga aka sa musu rana.

"Zuzuna, zauna mana..."

"Riƙe Zuzunka! Amsa nake so!"

Ya sunkuyar da kai.

Ita ke kula da cinikin doyar gidansu, tana kallo dillalai na kwashe riba, su kuwa a bar su da ciwon baya. Shi ya sa ta ɗaura niyyar karatun MBA, babban digirin kasuwanci. Jami'o'i uku ta auna: Tamale, Kumasi, da Legon a Ankara, babban birnin ƙasar, inda ake fitar da doya ƙasashen waje. Legon ce ta kwanta mata a rai, mahaifinta Alhaji Jibirilu har ya sa albarka.

Sai jiya tsoho ya juye. Wai jikokin fataken goro ba sa sauka garin da ba su da mai masauki. Tamale akwai, Kumasi akwai, Ankara babu. Al'adar da shi kansa ya manta, wani ne ya tono masa ita.

"Tsoro na ji..." in ji Mutala. "Tamale ga ta nan kusa. In kin je Ankara kin ga masu kwat da manyan motoci, wa zai tuna da mai warin albasa?"

"Au! Ashe kallon da kake mini ke nan? Da ni ka gaya wa, wallahi da na saurare ka. Amma ka zagaya ta baya, ka ɗaure ni da igiyar kakannina!"

"Zuweira..."

"Jumma'a ake rufe neman gurbi. In ban nemi Legon ba, kai ma kar ka sake nemana!"

Ta sha kuka a hanyar Salaga gaba ɗaya, don haushin wanda kake so ya fi kowane haushi ciwo.

Ranar Alhamis ta ji muryar Mutala a zaurensu. Ta laɓe, zuciyarta na tafasa. Wace igiyar kuma ya kawo?

"Alhaji, ni na ɗaura, ni zan kwance. Na bar wa ƙanena rumfar Yendi. Albasar da nake sarowa daga Bawku, Ankara zan riƙa sauke ta. Na kama ɗaki a can."

"Ka bar kasuwar da ka sani, ka koma baƙo?"

"Gara in yi baƙunta da in rasa ta. A matso da ɗaurin auren, in riga ta sauka."

Tsoho ya yi murmushi. "Zuweira, na ga gefen gyalenki. Fito."

Ta fito, hawaye shaɓe-shaɓe, ta galla wa Mutala harara.

"Ban huce ba fa!"

"Na sani, abar ƙaunata."

"Kuma Legon zan nema. Yau!"

"Ni zan raka ki."

Alhaji ya ɗaga yatsu yana lissafi a hankali. "To. Tamale akwai... Kumasi akwai..."

Ta share fuska da gefen gyale.

"Ankara ma akwai, Baba."