Ƙamshin Rigar Lamba Tara

A filin ƙwallon Palladan suka fara haɗuwa, a shekarar 2005. Jemimah ta taso daga Samaru ta raka ƙawarta kallo, sai ga ƙwallo ta fyaɗe mata ledar fiya wata a hannu. Wanda ya buga ya rugo yana haki.

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Raga na nufa, ƙafar ce ta gan ki."

Emenike ke nan, Ibo haifaffen Muchia, mai Hausa kamar Bazazzagi. Kafin wata uku ya zama "Lamba Tara" a wayarta, ita kuma "Sarauniya" a tasa.

Koci Sati ne ya kafa ƙungiyar bayan rigingimun da suka sa Kirista da Musulmi suka daina shiga unguwannin juna. Dokarsa ɗaya ce: bayan kowane wasa, Kirista ya tafi da rigar Musulmi gida ya wanke, Musulmi ma haka. Abokin musayar Emenike shi ne Sagir na Hanwa.

Jemimah ba ta damu da dokar ba, sai ranar da ta ga wata doguwar yarinya cikin hijabi ta miƙa wa Emenike rigarsa a bakin fili, a goge, a ninke. Da ya matso, ƙamshin turaren wuta ya doki hancinta. Kishi ya turnuƙe ta, ta tafi ko sallama ba ta yi ba.

Saƙo ya biyo ta: "Sarauniya, me na yi? Salaha ce, ƙanwar Sagir. Ya gurɗe ƙafa, shi ne aka aiko ta."

Ta mayar: "Wanki koci ya ce. Shi ya ce a sa turare? Ko ni ko ƙungiyar, ka zaɓa."

"Jem, ke ce raina. Amma in na fita, yara biyar na Muchia za su bi ni, shi ke nan an koma gidan jiya. Kar ki sa ni zaɓi."

Ta kashe wayar ta sha kuka. Ga babanta Malam Gregory, dattijon coci, ya ƙara mata gishiri. Ya ce dama shi bai yarda da yaron da ba a san iyayensa a nan ba, kuma kullum yana gidajen mutanen da ba a san zuciyarsu ba.

Sati biyu ba ta kula Emenike ba. Amma kishi ba ya barin mutum ya zauna. Ran Litinin ta hau acaɓa zuwa Hanwa, inda rabonta da shi shekara biyar, don ta ga idon yarinyar nan.

Wata dattijuwa ta tarar a tsakar gidan su Sagir, gaban kaskon turare, ta lulluɓe shi da kaya. Ga rigar Sagir, ga jallabiyar maigida, ga lamba tara a tsakiya.

"Ke ce Jemimah? Shigo, 'yata. Emenike ya ishe mu da zancenki, har tuwona ya daina ci."

"Mama, ke kike sa masa turaren?"

"To wa zai sa? Duk kayan 'ya'yana haka nake musu. Zan ware tasa ne don sunansa daban?"

Kunya ta kama Jemimah kamar ƙasa ta tsage. Salaha ta leƙo tana dariya, ta ce ita bikinta ma saura wata biyu.

Tun kan hanya ta rubuta: "Lamba Tara, na yi wauta. Ka yafe mini. Amma ka daina yi wa ƙannen mutane murmushi."

"Na daina, Sarauniya. Ko hoto za a ɗauka sai na ɗaure fuska."

Saura Malam Gregory. Ranar tambayar aure, baban Sagir ne ya shigo gaba, kawun Emenike na biye. Baban Sagir ya zauna ya ce, "Malam, an ce yaron nan ba shi da iyaye a Zariya. Ga ni. In ya saɓa wa 'yarka, ƙofata za ka buga."

Malam Gregory ya miƙa masa hannu.

A watan Disamba aka ɗaura aure a Samaru. Wajen liyafa maman Sagir ta riƙo hannun amarya ta ɗora kan na ango.

"Ga ɗana nan na ba ki. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba garinmu."

Amin ɗin Malam Gregory ta fi ta kowa ƙarfi.